Yadda 'yan kasuwa ke tunkarar mahaukaciyar guguwa a Amurka

Daga ranar 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga watan Nuwamba na kowace shekara, masu shaguna da masana'antu a jihohin Florida da Louisiana da Texas na Amurka, da kuma tsibiran Karebiyan, kan zauna ne cikin shirin ko-ta-kwana, domin a wannan lokaci ne mahaukaciyar guguwa ke tasowa daga tekun Atlantika.

Da dama daga cikin manyan guguwoyin dai asalinsu hadari ne da ke haɗuwa a sararin samaniyar Afirka ta Yamma da damina, ya nausa yamma ya faɗa teku ta wajen tsibiran Cape Verde, inda ɗumin ruwa ke ƙara masa ƙarfi.

Ana kasa su aji biyar. Aji na ɗaya kan fara ne daga iska mai gudun kilomita 119 a sa'a guda, na biyar kuma daga kilomita 252.

Cibiyar sa ido kan guguwa da ke birnin Miami kan bayar da sanarwar farko sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan gargaɗi na biyu idan saura sa'o'i 36. Wanda bai shirya tun watan Mayu ba, da wuya kwana biyu su ishe shi.

Batun inshora

A nan ne akasarin ƙananan 'yan kasuwa ke tafka asara. Inshorar gini ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliyar ruwa, alhali sau da yawa ruwa ya fi iska ta'adi.

Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a watan Agustan 2005, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin bayan da ganuwar da ke tare ruwa ta fashe. An kwashe shekaru ana shari'a tsakanin masu dukiya da kamfanonin inshora kan ko iska ce ta rusa gini ko ruwa.

Inshorar ambaliya daban ake sayenta, galibi daga wani shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968. Shirin kan biya har dala 500,000 kan ginin kasuwanci, da wata dala 500,000 kan kayan ciki, amma ba ya biyan cinikin da aka rasa a kwanakin da shago ke rufe. Haka kuma sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki, saboda haka babu amfanin rugawa a saya bayan an hango guguwa.

Ko a ɓarnar iska ma, tun bayan guguwar Andrew ta 1992 kamfanoni suka koma ɗora wa mai dukiya wani kaso na darajar gininsa. Idan kashi 5 ne a kan ginin dala 500,000, to sai ya fitar da dala 25,000 daga aljihunsa kafin su sa hannu.

Kafin ta iso

Ana toshe tagogi da katako ko ƙarfe, a ɗage kaya daga ƙasa, a ɗauki hotunan hajar da ke shago domin shaida. Manna salatef a gilashi, duk da cewa wasu na yi, ba ya hana shi fashewa.

Takardun haraji da na albashi da lambobin wayar ma'aikata kuwa akan adana kwafinsu a intanet. Ana kuma tanadar tsabar kuɗi, tunda na'urorin biyan kuɗi da kati ba sa aiki idan babu wuta.

Bayan ta wuce

Rashin wutar lantarki kan daɗe fiye da yadda ake zato. A Puerto Rico sai da aka shafe kimanin wata 11 kafin a kammala mayar da wuta bayan guguwar Maria ta 2017.

Janareto na taimakawa, amma hayaƙinsa na kisa idan aka kunna shi a cikin gini, kamar yadda ya faru da mutane da dama a Louisiana bayan guguwar Laura a 2020.

Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta fi mayar da hankali ne ga iyalai da ƙananan hukumomi. Abin da ɗan kasuwa kan samu daga gwamnati shi ne rance mai ƙaramin ruwa daga hukumar kula da ƙananan sana'o'i, SBA, wanda kan kai dala miliyan 2. Bashi ne dai, kuma sai an biya.

Wani tsohon shugaban FEMA, Craig Fugate, kan auna girman bala'i da gidajen abinci na Waffle House, waɗanda suka yi suna wajen saurin buɗewa: idan aka tarar da su a rufe, to lamarin ya yi muni.

Sai dai gyara gini ba ya dawo da masu saye. New Orleans na da mutane kimanin 485,000 a ƙidayar 2000, amma a ta 2020, shekara 15 bayan Katrina, ba su wuce 384,000 ba.