Karanta Gargaɗin Lafiyar Sabar Masauki a Yanayin Libreville: Laifin Kaya ko Laifin Ɗaki?

Tsakure

Maƙalar ta duba gargaɗin da sabar masauki ke bayarwa game da lafiyar kayan cikinta, ta auna shi da yanayin wuta da laimar Libreville, babban birnin Gabon. Matsayarta ita ce a irin wannan gari, a fara tuhumar ɗakin da sabar take kafin a tuhumi kayan da gargaɗin ya ambata.

Gabatarwa

Sabar masauki ita ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo masu yawa ta hanyar manhaja irin su VMware ESXi, Proxmox ko Hyper-V. Tamkar motar haya take: in ta tsaya, duk fasinjojinta sun tsaya. Tun da wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta ACE da ta ratsa Libreville ta fara aiki a 2012, bayan kafa ANINF, hukumar kula da kayan sadarwar zamani ta Gabon, a 2011, ayyukan ofisoshi da bankuna sun ƙara rataya a kan irin waɗannan injuna.

Inda gargaɗin ke fitowa

Manhajar masauki ba ta auna komai da kanta. Akwai wata ƙaramar kwakwalwa a jikin allon sabar, BMC, wadda Dell ke kira iDRAC, HPE kuma iLO. Ita ke sauraren ma'aunan zafi, gudun fanka da ƙarfin wuta, tana rubuta abin da ya faru a kundin SEL bisa ƙa'idar IPMI ta 1998, ko Redfish da ta biyo baya a 2015. Jar alamar da ma'aikaci ke gani a vCenter, manhajar kula da sabobin VMware, labari ne da ya bi ta hannu biyu ko uku. Saboda haka matakin farko shi ne komawa kundin asali, da manhajar ipmitool ko esxcli, a kwafe shi kafin a share. Kundin yana da iyaka, kuma cikarsa kaɗai tana haifar da gargaɗi alhali babu abin da ya lalace.

Wuta da laima

Libreville na samun kaso mai yawa na wutarta daga madatsun Kinguélé da Tchimbélé a kogin Mbei, kuma ɗauke wuta abu ne da mazauna birnin suka sani. Sabar mai akwatin wuta biyu, ɗaya a kan batirin ko-ta-kwana na UPS ɗaya a layin gari, za ta rubuta cewa ta rasa madadin wuta duk lokacin da aka ɗauke. Akwatin lafiyarsa lau. Abin da zai raba gardama shi ne a jera lokacin gargaɗin da kundin UPS da lokacin tashin janareta. A nan akwai tarko: agogon BMC sau da yawa yana kan lokacin UTC, Gabon kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wanda bai lura ba zai ga aukuwa biyu inda guda ce, ya yi odar kaya daga Turai a banza.

Batun laima ya fi ɓoyewa, kuma a ganina shi ne aka fi sakaci da shi. Ƙungiyar ASHRAE ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. Idan wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki kan mutu, sabar kuwa ta ci gaba a kan batir. Zafi ya hau, fankoki su yi ta kuka. Sai mai gadi ko ma'aikaci ya buɗe ƙofa da kyakkyawar niyya. Iskar bakin teku mai ɗauke da ruwa da gishiri ta shigo ta sauka a kan ƙarfen da bai gama ɗumama ba, ta zama raɓa. Gargaɗin zafi zai gushe da dawowar wuta, amma tsatsar da ta fara cin mahaɗai sai bayan watanni za ta bayyana da sunan kuskuren RAM ko katin da ya ɓace.

Gargaɗin da ba a jira da shi

Wannan ba izinin raina kowane gargaɗi ba ne. Binciken Pinheiro, Weber da Barroso a kan faifan Google a 2007 ya nuna faifan da ya yi kuskuren dubawa na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Na Schroeder da abokan aikinta a 2009 ya gano fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM na samun kuskure a shekara, kuma kuskuren da tsarin gyaran kuskure na ECC ya gyara kan share fagen wanda ba ya gyaruwa. Idan sanda ɗaya ce ke maimaita kuskure, ba tare da alaƙa da lokutan ɗauke wuta ba, a kwashe kwamfutocin kwaikwayo zuwa wata sabar, a sa wannan a yanayin gyara, a musanya sandar da maƙwabciyarta. In kuskuren ya bi sandar, ita ce. In ya tsaya a ramin, allon ne. Haka batirin katin RAID: in ya raunana, katin ya daina riƙe rubutu a ma'ajiyarsa, komai ya yi nauyi, masu amfani su ɗora wa intanet laifi.

Shawara

Cibiyoyin Libreville su daidaita agogon BMC da na UPS a kan tushe ɗaya, su sa ma'aunin laima a kowane ɗakin sabar, su ɗora na'urar sanyaya ɗaki a layin janareta, su kuma ajiye faifai, sandar RAM da akwatin wuta na ko-ta-kwana. Kada a share kundin SEL sai an kwafe shi an karanta.