Yaƙin Boma da Mutum Goma na Cikin Jirgi

Idan dattijo a Birnin Kudu ko Gwaram ya ce "Yaƙin Boma", yaƙin duniya na biyu yake nufi kacokan, daga 1939 zuwa 1945. Wani kuma ya ce "Yaƙin Hitila". Boma ita ce ƙasar da ake kira Myanmar a yau, inda runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan bayan sun bar gida a 1943 da 1944. Mun raɗa wa yaƙin sunan inda 'ya'yanmu suka je.

Amma yaƙin ya zo har ƙasar Kano, wadda garuruwan nan biyu ke cikinta a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga 1941 Amurkawa suka shiga aikin hanyar sama da ta ratsa Accra, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum zuwa Masar. Manyan jiragen jefa bam masu inji huɗu, B-17 da B-24, sun bi ta nan bayan sun ƙetaro teku daga Brazil. Duk da haka, "jirgin yaƙi" kawai muka ce, wanda ke ciki kuma "matuƙi".

Kalmomin biyu daga bakin kogi suka taso. Jirgi na fito ne tun asali. Da reluwe ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da na sama suka sauka a 1925 aka ce jirgin sama. Tuƙi kuwa aikin hannu ne, na mai fito da na mai tuwo, kafin ya zama na direba. Aron ya yi ma'ana, sai dai a kan irin wannan jirgi ya gaza. Mutum goma ne galibi a cikin B-24, biyu kacal ke tuƙi. Akwai mai duba taswira ya faɗi hanya, da mai auna inda bam zai faɗa, da injiniya, da mai rediyo, sauran masu bindiga ne. Ɗaya yana can wutsiya shi kaɗai, ya ba gaba baya, yana gadin abokansa cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. A rundunar Amurkawa da ke Ingila a 1943, sai mutum ya yi fita 25 kafin a sallame shi, da yawa kuwa ba su cika ba.

A ganina kiran wannan yaro na wutsiya "matuƙi" tauye shi ne, domin an ba shi aikin wani an shafe nasa. Masu fassarar labarai su ce "sojan sama", in kuwa sun san aikinsa su faɗe shi: mai bindigar wutsiya, mai sakin bam. Na biyun ya fi nauyi a baki, don yana tuna wa mai sauraro cewa akwai mutane a ƙasa inda bam ɗin ya sauka.