Dalilin Da Ya Sa Dabbobi Ke Lasar Raunukansu

Lasar rauni ɗabi'a ce da yawancin dabbobi masu shayarwa ke zuwa duniya da ita. Kare da kyanwa da ɓera, da zarar sun ji ciwo, sai su kai harshe wurin. Dabba ba ta da sabulu ko bandeji, don haka da harshe take share ƙasa da gashi da mataccen nama daga bakin raunin. Lasar kuma takan rage raɗaɗi, kamar yadda mutum kan murza wurin da ya buge.

Amfanin miyau

Miyau ba ruwa ne zalla ba. Yana ɗauke da sinadarin laisozayim mai fasa bangon wasu ƙwayoyin bakteriya, wanda masanin Birtaniya Alexander Fleming ya bayyana a 1922. A 1962 kuma, Stanley Cohen na Amurka ya gano wani furotin mai sa fata tsirowa a gaɓar da ke samar da miyau a jikin ɓera. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1986, tare da Rita Levi-Montalcini ta Italiya.

Illar lasa

Sai dai bakin dabba shi ma matattarar ƙwayoyin cuta ne, irin su Pasteurella da Capnocytophaga. Yawan lasa kan warware ɗinki, ya hana fata haɗewa, har ƙaramin miki ya rikiɗe ya zama gyambo. Shi ya sa likitocin dabbobi kan saka wa kare ko kyanwa abin wuya na roba mai siffar mazurari bayan tiyata.

Haɗari ga mutane

Barin dabba ta lashi raunin mutum ganganci ne, musamman ga masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki. Mafi muni ita ce cutar haukan kare, wadda ƙwayarta ke cikin miyau, kuma tana iya shiga jiki ta fasasshiyar fata ko da babu cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Da zarar alamominta sun bayyana, da wuya a tsira.

Duk wanda baƙon kare ko wanda ake zargi da hauka ya lasar masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya garzaya asibiti a yi masa allurar rigakafi tun a ranar.