Marienthal Sau Biyu: Nazari kan Shirye-shiryen Gwamnati na Samar da Aiki ga Waɗanda Suka Daɗe Ba Aikin Yi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda gwamnatoci suke tunkarar mutanen da suka shekara ko fiye ba su da aikin yi. Ta ɗauki ƙauyen Marienthal na ƙasar Ostiriya a matsayin fagen nazari, saboda a can aka yi sanannen binciken nan kan zaman kashe wando a shekarun 1931 da 1932, a can kuma aka gwada shirin lamunce wa kowa aiki daga 2020 zuwa 2024. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, ma'aunin da aka saba auna irin waɗannan shirye-shirye da shi, wato saurin komawar mutum kasuwar ƙwadago, ya yi wa matsalar kaɗan, domin ba ya ganin yawancin abin da doguwar rashin aiki take cinyewa.

Gabatarwa

A ƙididdigar Tarayyar Turai, wanda ya cika wata 12 yana neman aiki bai samu ba shi ake sakawa cikin rukunin waɗanda suka daɗe ba aiki. A Amurka mako 27 ne. Ware wannan rukuni yana da dalili. A 2013 Kroft da Lange da Notowidigdo sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi, inda suka aika takardun neman aiki na ƙirƙira kimanin 12,000 zuwa ga masu ɗaukar ma'aikata a biranen Amurka 100. Sun gano cewa kiran zuwa ganawa yana raguwa sosai cikin wata takwas na farko na zaman mutum a gida, ko da kuwa iliminsa da ƙwarewarsa daidai suke da na wanda bai daɗe da barin aiki ba. Ke nan daɗewar ita kanta ta zama tabo. Mai ɗaukar aiki yana ganin giɓin watanni a takarda sai ya ce a ransa, da yana da amfani da tuni wani ya ɗauke shi.

Abin da aka gani a 1931

Marienthal unguwar ma'aikata ce a garin Gramatneusiedl, kudu maso gabas da birnin Vienna. Masaƙa ɗaya ce ta riƙe ta kusan shekara ɗari. Ta fara rufe sassanta a 1929, zuwa farkon 1930 an kashe injina baki ɗaya. Daga cikin gidaje 478 da ke wurin, 367 ba su da ko mutum ɗaya mai aiki. A ƙarshen 1931 wasu matasan masu bincike daga Vienna suka shiga ƙauyen, waɗanda sunayensu suka fi fita su ne Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, ko da yake Lotte Schenk-Danzinger ce ta ɗauki kaso mai yawa na aikin zama cikin jama'a. Sun gindaya wa kansu sharaɗin cewa babu wanda zai shiga a matsayin ɗan kallo. Sun raba tufafi, sun buɗe ajin ɗinki, sun kawo likitoci suna duba mutane kyauta, ta haka ƙofofin gidaje suka buɗe musu. Littafin da suka rubuta kan binciken ya fito a 1933.

Talaucin da suka tarar ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗin tallafi duk bayan mako biyu ake biya, ranar biyan kuwa ta fi Lahadi muhimmanci a ƙauyen. Masu binciken sun duba abincin da yara ke zuwa da shi makaranta ana gobe biya da kuma washegarin biya, suka ga bambanci ƙarara. Wanda aka kama yana ɗan buga-buga a ɓoye ana yanke masa tallafi, kuma sau da yawa maƙwabci ne yake aika wasiƙar tsegumi ba suna.

Abin da ya sa har yau ake karanta littafin shi ne batun lokaci. A wancan zamani mutane da dama sun ɗauka cewa ma'aikacin da ya rasa aiki ko dai ya yi bore, ko ya yi amfani da sararin da ya samu wajen karatu da siyasa. Akasin haka aka gani. Aron littattafai a ɗakin karatun ma'aikata ya ragu da kashi 49 cikin ɗari tsakanin 1929 da 1931, alhali an soke kuɗin aro. Lambun shaƙatawa da mutanen suke alfahari da shi ciyawa ta cinye shi, ga majiya ƙarfi zaune ba abin yi. Masu binciken sun laɓe a taga da agogo a hannu suna auna tafiyar masu wucewa a babban titi. Maza suna jan ƙafa, suna tsayawa sau da yawa kafin su kai ƙarshen ɗan gajeren titi, mata kuwa suna wucewa da sauri saboda girki da wanki da yara sun ci gaba da yanka musu yini gida-gida. Da aka ba maza takarda su rubuta yadda suka ci yininsu, sai aka ga tashi da abincin rana da kwanciya ne kaɗai suka rage a matsayin turaku, abin da ke tsakani sun kasa ba da labarinsa. Su matan, duk da nauyin aikin gida, da yawansu sun ce da za a buɗe masaƙar za su koma, saboda a can ake haɗuwa da mutane.

Daga baya, a littafinta na 1982, Jahoda ta tace wannan zuwa abubuwa biyar da aiki ke bayarwa ban da albashi: tsarin lokaci, cuɗanya da waɗanda ba 'yan gida ba, shiga wata manufa da ta wuce ta mutum shi kaɗai, matsayi a idon jama'a, da motsi na yau da kullum. Kuɗin tallafi yana toshe yunwa, amma ba ya mayar da ko ɗaya daga cikin biyar ɗin.

Tsakanin tuhuma da tallafi

Tarihin shirye-shiryen gwamnati a wannan fage yana lilo ne tsakanin zato biyu: ko aiki ne babu, ko mutumin ne ba ya so. Dokar matalauta ta Ingila ta 1834 ta tsaya kan na biyu, ta sa rayuwar gidan aikin matalauta ta fi ta ma'aikaci mafi ƙasƙanci wuya da gangan. Hukumar WPA da gwamnatin Roosevelt ta kafa a Amurka a 1935 ta tsaya kan na farko, ta ɗauki mutum kusan miliyan 8.5 kafin a rufe ta a 1943, suka gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Daga shekarun 1990 tuhuma ta sake rinjaye. Gyaran Hartz IV na Jamus a 2005 ya zo da ayyukan da aka yi wa laƙabi da aikin Yuro ɗaya, tare da barazanar rage tallafi ga wanda ya ƙi. Birtaniya a 2011 ta miƙa aikin ga 'yan kwangila tana biyansu gwargwadon yawan waɗanda suka samar wa aiki, kuma ƙorafin da ya fi yawa a kan tsarin shi ne 'yan kwangilar suna tsince masu sauƙin samu, su jingine marasa lafiya da masu shekaru a gefe.

Masana tattalin arziki suna da hujjar ɗari-ɗari da ɗaukar aiki kai tsaye. Card da Kluve da Weber sun tattara bincike sama da 200 a nazarinsu na 2018, suka ga shirye-shiryen aikin gwamnati na wucin gadi ba su cika ƙara wa mutum damar samun aiki na dindindin ba, horar da sana'a ya fi su tasiri idan aka ba shi shekara biyu ko uku. Wannan sakamako ne mai nauyi. Sai dai tambaya ɗaya ce aka yi a yawancin binciken: shin ya samu aiki a kasuwa daga baya? Mutum mai shekara 58 da ciwon baya, wanda kasuwa ta riga ta juya masa baya, wannan tambaya ba za ta taɓa nuna amfanin da aka yi masa ba.

Gwajin 2020

A watan Oktoban 2020 hukumar samar da aiki ta jihar Ostiriya ta Ƙasa, ƙarƙashin Sven Hergovich, ta ƙaddamar da shirin MAGMA a Gramatneusiedl. Duk mazaunin garin da ya shekara ba aiki, ko ya doshi shekara, an yi masa tayin aiki. Abu uku suka raba shi da na baya. Karɓar aikin ganin dama ce, wanda ya ƙi ba a taɓa tallafinsa. Albashi cikakke ne bisa yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago, da takardar ɗaukar aiki da inshora. Sannan ana daidaita aikin da mutum, mai lalura ko mai jinya a gida ya yi sa'o'i kaɗan. Ana farawa da shiri na kusan mako takwas, inda ake zama da mutum a duba bashinsa da lafiyarsa da abin da ya iya. Daga nan ko a haɗa shi da kamfani mai zaman kansa, gwamnati ta biya albashin wata uku na farko gaba ɗaya da kashi biyu cikin uku na wata tara masu zuwa, ko a ƙirƙira masa aiki a cikin shirin. Mahalartan da kansu suka kawo shawarar wasu ayyukan: shagon kafinta da ke gyara tsofaffin kujeru da kabad, kula da lambunan gari, rakiyar tsofaffi da taya su hidimar yau da kullum.

Maximilian Kasy da Lukas Lehner na Jami'ar Oxford suka auna shirin. Sun jera mahalarta 62 na farko bibbiyu, kowane biyu masu kama da juna, ƙuri'a ta fitar da wanda zai fara a Oktoba da wanda zai jira zuwa Fabrairun 2021. Sun kuma kwatanta garin da wasu garuruwan jihar masu irin yanayinsa. Sakamakon ya nuna ƙaruwar kuɗin shiga da kwanciyar hankali ta fuskar abin hannu, ya kuma nuna ci gaba a kan abubuwan nan da Jahoda ta lissafa. Yawan waɗanda suka daɗe ba aiki a garin ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ba a ga canji a lafiyar jiki ba a ɗan tsakanin da aka auna.

Dole a karanta wannan da taka-tsantsan. Mutum 62 ba su da yawa, kuma wata huɗu ne kawai tsakanin rukunin farko da na biyu. Waɗanda ke jira ma sun san aiki na tafe, wannan sani kaɗai yana iya ɗaga musu rai, don haka kwatancen ƙuri'ar zai iya rage girman tasirin. Raguwar kashi 60 kuwa ba abin mamaki ba ce a shirin da ke ɗaukar mutanen da kansa. Ƙaramin gari ne kusa da babban birni, a ƙasa mai ƙarfin hukumomi. A ganina darajar gwajin tana cikin abin da ya zaɓa ya auna, da kuma nuna cewa mutanen da aka daɗe ana zargi da lalaci sun karɓi aiki ba tare da an ɗaga musu sanda ba.

Batun kuɗi

Masu shirin sun ƙiyasta cewa kowane mahalarci yana cin kusan Yuro 30,000 a shekara, daidai da abin da gwamnati ke asara a kan wanda ke zaune, idan aka haɗa tallafi da harajin da ba a karɓa ba. A kan irin wannan lissafi Faransa ta gina nata shirin na yankunan da babu mai dogon zaman rashin aiki, wanda ƙungiyar ATD Quart Monde ta assasa, majalisa ta amince da shi a Fabrairun 2016 a yankuna 10, aka faɗaɗa shi a Disambar 2020. Rahoton sufetocin gwamnatin Faransa na 2019 ya nuna cewa kuɗin da ake tsimi bai kai yadda aka yi alkawari ba, saboda wasu mahalartan da ma ba sa karɓar tallafi mai yawa. Ina ganin masu goyon bayan waɗannan shirye-shirye suna raunana kansu idan suka jingina komai a kan cewa abin kyauta ne. Yana da tsada, kuma ya kamata a kare shi da tsadarsa, kamar yadda ake kare kuɗin asibiti. Jamus ta kama wannan hanya a 2019, da dokar da ke biyan albashin wanda ya shafe shida daga cikin shekara bakwai yana karɓar tallafi, har tsawon shekara biyar: cikakke a biyun farko, sannan kashi 90 da 80 da 70.

Wannan lissafi ba ya tsallakowa Nijeriya yadda yake, domin babu tallafin rashin aiki na bai-ɗaya da za a karkatar zuwa albashi. Shirin ayyuka 774,000 da aka gudanar ta hannun hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa (NDE), mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma a kan Naira 20,000 a wata, na wata uku ne kacal. Wanda zai auna irin wannan shiri yana buƙatar ya san tsawon zaman kowane mahalarci kafin a ɗauke shi, ya kuma koma gare shi bayan an daina biya ya tambaye shi yadda yake cin yininsa da waɗanda yake hulɗa da su, tare da tambayar ko ya samu wani aikin.