Gidan Yara na San Lorenzo: yadda makarantar 'ya'yan talakawa ta koma zaɓin masu hali

A farkon ƙarni na ashirin, San Lorenzo tana cikin unguwannin birnin Rum da mai mutunci ba ya son a ce daga can ya fito. An ɗaga dogayen benayenta a shekarun 1880, lokacin da masu kuɗi suka yi ta zuba jari a gine-gine, sai kasuwar ta karye, aka bar gidajen ba kulawa, talakawa suka cika su maƙil, iyalai da yawa cikin gida guda. Daga baya wani kamfanin gidaje mai suna Istituto Romano di Beni Stabili ya sayi wasu daga cikinsu, ya gyara, ya zuba 'yan haya. Ba a jima ba wata matsala ta ɓullo. Uwa da uba suna fita neman abinci tun da sassafe, yaran da ba su isa shiga makaranta ba kuwa suna wuni a matakala da soraye, suna ɓata bangon da aka kashe kuɗi aka shafe. Shugaban kamfanin, injiniya Edoardo Talamo, ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa, ya ga cewa tara yaran a ɗaki ɗaya da ɗaukar mai tsaronsu ya fi sake shafe bango araha. Ya nemi wadda za ta sa ido a kan aikin, ya dace da wata likita mai shekara 36, Mariya Montessori.

Ranar 6 ga Janairu, 1907, aka buɗe ɗakin a gida mai lamba 58 kan titin Marsi, aka raɗa masa suna Casa dei Bambini, wato Gidan Yara. Yara wajen hamsin ne, akasarinsu 'yan shekara uku zuwa shida. Wadda aka ɗauka ta zauna da su kullum ba ta taɓa shiga kwalejin horon malamai ba, 'yar mai gadin gidan ce. Abokan aikin Montessori sun yi mamakin yadda likita, malamar jami'a, za ta zubar da girmanta ta koma reno.

An haife ta ranar 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle kusa da Ancona. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne mai ra'ayin mazan jiya, mahaifiyarta kuwa mace ce mai karatu wadda ta tsaya mata a duk abin da ta sa gaba. Ta shiga makarantar fasaha da akasari maza ke zuwa, daga nan ta kutsa sashen likitanci na Jami'ar Rum, ta kammala a 1896, tana cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya. Aikinta na farko ya kai ta gidajen masu taɓin hankali, inda ake kulle yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa tare da manya. A ɗaya daga cikin gidajen mai kula da yaran ta kawo mata ƙararsu, wai 'yan haɗama ne, da zarar sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi. Montessori ta dubi ɗakin ta ga babu komai a cikinsa, ko tsinke, ta fahimci cewa ɓurɓushin nan shi kaɗai ne abin da yatsunsu ke samu su taɓa su juya.

Wannan ya sa ta bi sawun wasu likitocin Faransa biyu. Na farko Jean Itard, wanda ya yi shekaru yana ƙoƙarin koyar da wani yaro da aka tsinto a dajin Aveyron wajen shekarar 1800. Na biyu almajirinsa Édouard Séguin, wanda ya ƙera kayan horar da ido da hannu da kunne domin yara masu naƙasa. A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta ta irin waɗannan yara a Rum tare da Dokta Giuseppe Montesano, kuma wasu daga cikin yaran da aka riga aka fid da rai da su suka ci jarrabawar gwamnati ta karatu da rubutu. Jama'a suka yi ta yabo. Ita kuwa tambayar da ta dame ta daban ce: idan waɗannan sun kamo masu cikakkiyar lafiya, me makarantun gwamnati suke yi wa masu lafiyar har suka tsaya a nan?

Akwai wani ɓangare na rayuwarta da ta ɓoye shekara da shekaru. A 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, da Montesano, ba tare da aure ba. Aka kai jaririn ƙauye wata mata ta rene shi, uwar tana kai masa ziyara ba tare da ya san ko wace ce ba. Da Montesano ya auri wata, ta bar makarantar a 1901 ta koma jami'a karatun falsafa da nazarin ɗan Adam. Wato matar da ta zo San Lorenzo don kula da 'ya'yan wasu tana da nata ɗan shekara takwas da ba ta iya riƙewa a gidanta, kuma sai da ya kusa shekara goma sha biyar ya dawo hannunta.

Abin da ya faru a ɗakin titin Marsi ya zo ne kaɗan kaɗan, kuma yawancinsa daga lura aka samo shi, domin Montessori ba ta koyar da yaran da kanta. Takan zo ta zauna gefe, ta kalla, ta rubuta, kamar yadda likita ke duba majiyyaci. Wata rana ta ga wata yarinya 'yar shekara uku tana cire wasu gungumomin katako masu bambancin kauri daga ramukansu tana mayarwa. Ta yi haka sau arba'in da wani abu. Aka sa sauran yara waƙa da zagaya ta, aka ma ɗaga kujerarta da ita a kai aka ɗora kan tebur, ba ta ɗago kai ba, sai da ta gama don kanta sannan ta waiwaya fuska a sake kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi. Masana na lokacin sun yi ittifaƙi cewa ƙaramin yaro ba ya iya tsayar da hankalinsa wuri ɗaya, ga shi wannan yarinya ta tsayar. Wata rana kuma malamar ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan ba, ta makara, da ta iso ta tarar yara sun buɗe kowa ya ɗauki abin da yake so yana aiki. Malamar ta kira abin sata, ta nemi a hukunta su. Montessori ta sa aka kawar da kabad ɗin aka kawo gajerun kantoci da hannun yaro ke kaiwa, kuma daga ranar zaɓin aiki ya koma hannun yaro.

Haka sauran abubuwan suka biyo baya. Aka fitar da manyan bencina masu nauyi aka kawo ƙananan tebura da kujeru da yaro zai iya ɗauka da kansa. Aka koya musu wanke hannu, sa maɓalli, ɗaure igiyar takalmi, shara, da raba abinci ba tare da zubar da miya ba. An kawo musu 'yan tsana da kayan wasa masu tsada, ta lura sun fi komawa ga tsintsiya da gungumomin katako, sai ta kwashe su. Lada da horo ma ta ga ba su dame su ba, ta soke. Sirrin kayan aikin shi ne kowane ɗaya yana koyar da abu guda, tsawo ko nauyi ko launi ko sauti, kuma shi da kansa yake nuna kuskure: idan yaro ya sa gungume a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe ɗaya zai rage a hannunsa ba wurin sa shi, ba sai malama ta ce masa ya yi kuskure ba. Da iyaye mata, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, suka matsa a koya wa 'ya'yansu rubutu, sai aka yanka haruffa da takarda mai kaushi aka manna a kwali, yaro yana bin harafin da yatsa yana furta sautinsa. Bayan 'yan watanni, yara 'yan shekara huɗu suka fara rubuta kalmomi da alli a ƙasa da bango, tun kafin su iya karanta abin da wani ya rubuta. Ya kamata a faɗa cewa harshen Italiyanci ana rubuta shi yadda ake furta shi, kamar Hausar boko, kuma wannan ya sauƙaƙa abin ƙwarai fiye da yadda zai kasance a Ingilishi.

'Yancin yana da iyaka, kuma iyakar ta shafi iyaye. Dokokin gidan sun wajabta a kawo yaro da tsabta a kan lokaci, uwa ta gana da malama kowane mako, malamar kuma ta zauna a cikin benen tare da iyalan da take yi wa aiki. Wanda ya ƙi bin ƙa'ida ana iya sallamar ɗansa.

Labari ya bazu da saurin da ya wuce zato. Gida na biyu ya buɗe a Afrilun 1907. A 1909 ta rubuta littafin da ya bayyana hanyar tata, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1912, ya yi kasuwa a Amurka. Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro tarho, da matarsa Mabel suka buɗe aji a gidansu, suka kafa ƙungiyar yaɗa tsarin, har da 'yar Shugaba Woodrow Wilson a cikinta. A ƙarshen 1913 Montessori ta yi lacca a zauren Carnegie na birnin New York, wurin ya cika ya batse. A baje kolin San Francisco na 1915 aka gina aji mai bangon gilashi, mutane suna zaune a waje suna kallon yara suna aiki shiru. Duk wanda ya dubi sunayen nan zai ga abin ya riga ya sauya hannu: shekara takwas kacal bayan titin Marsi, masu neman tsarin su ne waɗanda ke da halin biyan kuɗin kayan katako da malamar da ta je Rum ta karɓi horo.

Faɗuwarsa a Amurka ma da sauri ta zo. A 1914 William Kilpatrick na Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia, almajirin John Dewey, ya fitar da ɗan littafi yana sukar tsarin, yana cewa ilimin halayyar da aka gina shi a kai ya tsufa, kuma bai bar wa yaro filin wasan kwaikwayo da tatsuniya da aikin haɗin gwiwa ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, kuma har yau ana yin ta. Amma halin Montessori ma ya taimaka. Ta ƙi yarda kowa ya horar da malamai sai ita, ta ƙi a taɓa kayan ko a haɗa tsarinta da na wani, ta ɓata da magoya bayanta ɗaya bayan ɗaya. Mai kiran a sakar wa yaro mara ba ta iya sakar wa almajiranta ba. Kafin 1920 abin ya kusa mutuwa a Amurka.

A gida kuwa ta yi wani kuskure da masoyanta ba su cika son tunawa ba. A 1924 ta gana da Mussolini, gwamnatinsa ta rungumi makarantunta, ta ba da kuɗi, shi ma ya zama shugaban girmamawa na ƙungiyarta. Shi yana son suna da yara masu ladabi da suka iya karatu da wuri, ita tana son wanda zai ɗauki nauyi. Zaman ya ɗauki kusan shekara goma kafin ya watse, lokacin da gwamnati ta nemi mayar da makarantun wurin renon 'yan fasist, ita kuma tana yawon laccoci kan zaman lafiya. Ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantun a 1936. 'Yan Nazi sun riga sun rufe na Jamus. Yaƙin basasar Sifen ya kore ta daga Barselona a wannan shekarar ta 1936, ta koma Holan. A 1939 ta tafi Madras ta ƙasar Indiya don ba da horo na 'yan watanni, yaƙin duniya ya rutsa da ita, Ingilishi suka tsare Mario a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, suka sake shi ranar da ta cika shekara saba'in. Ba ta koma Turai ba sai 1946. Ta rasu a Noordwijk ta Holan ranar 6 ga Mayu, 1952, bayan an gabatar da sunanta sau uku don kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Tsarin ya sake tashi a Amurka a 1958, da Nancy Rambusch ta buɗe makarantar Whitby a Greenwich ta jihar Connecticut, ɗaya daga cikin garuruwan attajirai. Ƙungiyar da ta kafa a 1960 ta saɓa da ta Amsterdam wadda Mario ke jagoranta, rigima ta kai gaban hukumar rajistar sunayen kasuwanci, wadda ta yanke a 1967 cewa kalmar Montessori ba mallakar kowa ba ce. Tun daga nan duk mai allo da fenti yana iya rubuta sunan a ƙofar makarantarsa, kuma ana rubutawa, daga Landan har Legas da Kaduna da Kano, sau da yawa a kan azuzuwan da yara ke jere a benci suna maimaita abin da malama ta faɗa da ƙarfi, ana ba ɗan shekara uku aikin gida da sakamakon jarrabawa mai na ɗaya da na ƙarshe. Uban da ke son sanin abin da yake biya ba ya bukatar allon ƙofa. Ajin da ya bi San Lorenzo yana haɗa 'yan shekara uku da 'yan shida wuri ɗaya, ƙanana suna koyo daga manya, yana ba da kusan awa uku a jere ba ƙararrawa, kayan suna kan kanta a buɗe, malama kuma ta fi yawan kallo a kan magana.

Ko tsarin yana amfani? Binciken da aka fi ambata shi ne na Angeline Lillard da Nicole Else-Quest, wanda mujallar Science ta buga a 2006. Sun je wata makarantar gwamnati a Milwaukee da ke ɗaukar yara ta hanyar ƙuri'a, suka gwada waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ta tsallake, abin da ya kawar da zargin cewa iyayen ne suka bambanta tun asali. 'Yan shekara biyar na ajin Montessori sun fi takwarorinsu a shirin karatu da lissafi da iya zama da mutane. Yaran da aka gwada ba su da yawa, makarantar kuma ɗaya ce, saboda haka ba hujja ba ce da za a rufe magana da ita. Abin lura shi ne makarantar ta gwamnati ce, kyauta, kuma akasarin ɗalibanta 'ya'yan marasa ƙarfi ne na tsakiyar birni, irin waɗanda Talamo ya so a kawar masa daga matakala.