Waɗanda Ba a Ga Gawarsu Ba

A Gombe, kowace 15 ga Janairu, za ka ga dattawa cikin kaki mai guga, lambobin girma na rawa a ƙirjinsu, suna ƙame wa gwamna yayin da yake ajiye furanni. Ana busa bigila, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ke nan.

Tushenta yaƙin duniya ne. A yaƙin Hitila, Turawa sun kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82, aka kai su dazukan ƙasar Bama su kara da Japan. Wasu sun dawo, wasu daji ya haɗiye su. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangoon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba su da kabari, kuma a cikinsu akwai na 'yan Afirka ta Yamma.

Waɗanda suka dawo an kafa musu ƙungiyar jin daɗi a 1946. A 1964 dokar ƙasa ta samar da ƙungiyar tsoffin sojoji ta Najeriya, wadda ake ɗora wa kula da zawarawa da marayun soja. Da can 11 ga Nuwamba ake taron, irin na Ingila. Bayan yaƙin basasa aka mai da shi 15 ga Janairu, ranar da jagoran 'yan aware, Philip Effiong, ya miƙa wuya ga Janar Gowon a 1970. Gombe kuwa sai da Abacha ya yanke ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996 ta samu nata reshen jiha da nata fareti.

A ganina, duk wannan tsari mamaci aka gina wa shi. Wanda ya faɗi an yi masa salla, an yi sadakar uku, an raba gado. Wanda ya ɓace fa? Bayan harin da aka kai wa sansanin soja na Metele a Borno cikin Nuwamban 2018, iyalai da dama sun yi ta kiran lambar da ba ta shiga. Matar irin wannan soja ba ta san ko ta shiga takaba ba. Tana nan a ɗakin barikin, takalmansa na bayan ƙofa, in yaro ya tambaya ta ce Baba yana daji.