Gidan Tresham na Rushton: Asali, Addini da Bashi a Ingila ta Ƙarni na 16

Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Northampton, akwai wani ƙaramin ginin dutse mai kusurwa uku da ke tsaye shi kaɗai a gefen hanya, kusa da ƙauyen Rushton. Bangonsa uku, benensa uku, kuma tsawon kowane bango ƙafa 33 ne, wato kimanin mita 10. Wanda ya gina shi tsakanin 1593 da 1597 shi ne Sir Thomas Tresham, mai ƙasa kuma ɗan asali, wanda ya rayu daga 1543 zuwa 1605. Tarihin wannan mutum da na zuriyarsa yana nuna yadda babban gida ke tashi a Ingila ta wancan zamani, da abin da ke riƙe shi, da kuma abin da ke kayar da shi. An saba cewa tarar addini ce ta cinye dukiyar Tresham. Amma takardun gidan sun nuna cewa kiyaye martaba ya ci abin da ya fi tarar yawa.

Matsayin masu ƙasa

A ƙarni na 16 jama'ar Ingila hawa-hawa ce. A sama akwai sarki, ƙarƙashinsa manyan hakimai ƴan ƙalilan masu kujerar gado a majalisar dattawa. Ƙarƙashin waɗannan kuma sai ajin masu ƙasa, waɗanda ba su da kujerar gado, amma suna da gandaye da ƙauyuka, suna cin kuɗin hayar gonaki, ba sa aiki da hannunsu, kuma kowane gida yana da tambarinsa da sarauta ta amince da shi. Daga cikinsu ake naɗa alƙalan karkara da wakilan majalisar talakawa, kuma su ke tara haraji da mayaƙa idan buƙata ta taso. Tun da sarki ba shi da ƴan sanda ko ma'aikata masu albashi a ƙauyuka, da hannunsu yake mulkin karkara.

Ƙa'idar gado a wurinsu ita ce babban ɗa namiji ya ɗauki ƙasa baki ɗaya, domin kada ta rarrabu. Ƙannensa sukan nemi abinci ta aikin lauya, soja ko fatauci. Ƴaƴa mata kuwa, uba ne ke biyan dukiya mai yawa ga gidan ango kafin a ɗaura aure, kuma gwargwadon darajar angon gwargwadon nauyin kuɗin. Wannan al'ada tana da babban matsayi a labarin da ke tafe.

Tushen gidan

Wanda ya kafa darajar gidan shi ne William Tresham, lauya mai hidima ga sarauta, wanda ya sayi ƙasar Rushton a 1438. Sau huɗu ana zaɓensa kakakin majalisar talakawa. A 1450 mutanen wani hakimi suka yi masa kwanton ɓauna a kan hanya suka kashe shi, yana tafiya wurin Richard na York. Ɗansa Thomas shi ma ya zama kakakin majalisa a 1459, ya bi ɓangaren Lancaster a yaƙin basasar da aka yi tsakanin gidajen sarauta biyu. Da aka ci ɓangarensa a yaƙin Tewkesbury a 1471, sai aka fille masa kai, aka ƙwace ƙasarsa. Ba ta koma hannun ɗansa John ba sai a 1485, lokacin da Henry na bakwai ya hau gadon sarauta.

Ɗan John, wani Thomas ɗin kuma, ya ga zamanin da Henry na takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma, amma shi ya tsaya a kan Katolika. Da Sarauniya Mary ta mayar da ƙasar ga tsohuwar aƙida, ta naɗa shi a 1557 shugaban ƙungiyar barade masu ibada ta Waliyi Yahaya a Ingila. Ya rasu a 1559, ƴan watanni bayan hawan Sarauniya Elizabet ta ɗaya. Ɗansa ya riga shi rasuwa tun 1546, saboda haka gadon ya faɗa kan jikansa, yaro ɗan shekara 15. Wannan yaro shi ne mai ginin kusurwa uku.

Ke nan kafin a haife shi, gidan ya riga ya ɗanɗana kisa da ƙwace, ya kuma sake miƙewa. Abin da ya cece shi a lokacin shi ne sauyin sarki. A zamanin jikan kuwa, sarautar da yake jiran ta sauya ta yi shekara 44 ba ta motsa ba.

Tasowa da ɗaukaka

An ba da riƙon marayan ga Sir Robert Throckmorton na Coughton, shugaban wani babban gidan Katolika. A gidan ya tashi, kuma a 1566 ya auri Muriel, ƴar mai riƙonsa. Shekarunsa na farko sun tafi yadda ake so ga ɗan babban gida. Ya yi karatu mai zurfi, ya tara littattafai da yawa, musamman na fasahar gini. A 1573 aka ba shi muƙamin babban wakilin sarauta a lardin Northampton, a 1575 kuma Elizabet ta naɗa shi barde a Kenilworth, ya sami laƙabin Sir. Jim kaɗan bayan haka ya soma gina wa garin Rothwell zauren kasuwa, ya sa aka sassaƙa tambarin gidajen lardin a jikin bangonsa. Wannan aiki ne na mutumin da ke ganin kansa jigo a cikin tsararrakinsa.

Sai dai iska ta riga ta juya. Dokar 1559 ta wajabta wa kowa halartar cocin gwamnati ranar Lahadi, wanda ya ƙi ya biya sule ɗaya. A 1570 Paparoma Pius na biyar ya fitar da Elizabet daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Daga ranar duk Bakatolike ya zama abin zargi a idon gwamnati. A 1580 limaman ƙungiyar Jesuit biyu, Edmund Campion da Robert Persons, suka shigo Ingila a ɓoye, kuma a wannan lokaci ne Tresham ya fito fili da aƙidarsa, ya daina zuwa cocin gwamnati.

Shekarun tsare

A 1581 aka kama Campion, aka azabtar da shi, aka kashe shi. An gurfanar da Tresham a gaban kotun majalisar sarauniya bisa zargin ya ba shi masauki. Aka ce ya rantse, ya ƙi, aka jefa shi kurkukun Fleet a Landan. A shekarar ce majalisa ta ɗaga tarar ƙin zuwa coci ta kai fam 20 a kowane wata. Fam ɗaya sule 20 ne, kuma ɗan ƙwadago a gona ba ya samun sule ɗaya cikakke a wuni. Ke nan tarar wata guda ta fi abin da lebura zai samu a shekara. An lissafa wata 13 a shekara, abin ya kama fam 260.

Daga nan zuwa ƙarshen mulkin Elizabet, Tresham ya yi kimanin shekara 15 a tsare, wani lokaci a kurkuku, wani lokaci a ɗaurin talala a Hoxton kusa da Landan, wani lokaci a Ely, inda aka killace manyan Katolika sa'ad da jiragen yaƙin Sifen suka doso Ingila a 1588. Duk da haka bai yarda ya zama ɗan tawaye ba. Matsayinsa shi ne biyayya ga sarauniya a sha'anin mulki, biyayya ga coci a sha'anin ibada. A 1585 ya shiga cikin shirya takardar koke zuwa ga Elizabet, inda manyan Katolika suka tabbatar da biyayyarsu suka roƙi sassauci. Wanda ya miƙa takardar, Richard Shelley, kurkuku aka kai shi. Da Elizabet ta rasu a 1603, Tresham ne ya yi shelar hawan Sarki James na ɗaya a garin Northampton, yana fatan sabon sarki zai sauƙaƙa. Fatan bai daɗe ba, domin an dawo da karɓar tara.

Abin da aka hana shi faɗa da baki, sai ya faɗe shi da dutse. Da aka sake shi a 1593 ya soma ginin kusurwa uku, wanda a zahiri mazaunin mai kiwon zomayensa ne, amma kowane sashe nasa nuni ne ga aƙidar Kirista ta Triniti: tagogi uku a kowane bene na kowane bango, da rubutun Latin mai harafi 33 a kowace fuska. Tambarin gidan kansa ganye ne mai kunne uku, kuma farkon sunan Tresham ya yi daidai da kalmar uku a Latin. A Lyveden kuma ya soma wani gida mai siffar gicciye, kewaye da lambu da magudanan ruwa, wanda bai ga ƙarshensa ba.

Lissafin da ya kayar da gidan

Tsakanin 1581 da 1605 tarar da Tresham ya biya ta kusa fam 8,000. Kuɗi ne mai nauyi, amma dukiyar auren ƴaƴansa mata shida ta kai fam 12,200. Ya nema musu mazaje daga sama da matsayinsa: ɗaya ta auri Lord Monteagle, wata ta auri Lord Stourton, dukansu masu kujera a majalisar dattawa. Ga gine-gine, ga tarin barori, ga baƙi da ba sa yankewa, ga shari'o'i. Sannan ga babban ɗansa Francis, mai zafin kai da ɓarnar dukiya, wanda ya shiga tawayen Essex a 1601, sai da uban ya zuba kuɗi masu yawa kafin ya kuɓutar da wuyansa. Masaniyar tarihi Mary Finch, a littafinta na 1956 kan dukiyar gidaje biyar na lardin Northampton, ta bi wannan lissafi dalla-dalla. Mutumin da aka hana muƙami saboda addininsa ya ga cewa ba abin da ya rage masa na nuna daraja sai aure da gini da buɗaɗɗen hannu, kuma a nan dukiyar ta zurare.

Nauyin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Domin cike gurbi, ya ƙara kuɗin haya, ya kewaye filayen da talakawa ke noma da kiwo a cikinsu tun kaka da kakanni, ya mayar da su makiyayar tumaki saboda ulu ya fi hatsi riba. Ƙauyen Haselbech na cikin wuraren da abin ya shafa. Wanda gwamnati ta matsa, shi kuma ya matsa na ƙasa da shi. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1607, manoman tsakiyar Ingila suka tashi suna rushe shingaye. A ranar 8 ga Yuni, a Newton, kan ƙasar wani danginsa mai suna iri ɗaya da nasa, masu ƙasa suka auka musu da dawakai, aka kashe mutum 40 zuwa 50.

Faɗuwar gidan

Sir Thomas ya rasu ranar 11 ga Satumba 1605, ya bar bashin da ya haura fam 11,000. Magina a Lyveden suka ajiye kayan aiki suka watse. Bayan wata ɗaya, a ranar 14 ga Oktoba, Robert Catesby, wanda uwarsa da Muriel ƴan uwan juna ne, ya shigar da Francis cikin maƙarƙashiyar tarwatsa majalisa da sarki da albarushi. A ranar 26 ga watan, wata wasiƙa marar sa hannu ta isa ga Lord Monteagle tana gargaɗinsa da kada ya halarci zaman majalisa. Masana da dama suna ganin Francis ne ya aika ta domin ya ceci mijin ƴar uwarsa, ko da yake ya musanta a gaban Catesby. Wasiƙar ce ta tona asiri, aka kama Guy Fawkes da ganga 36 na albarushi kafin wayewar 5 ga Nuwamba. An kama Francis ranar 12 ga Nuwamba, ya mutu da ciwo a kurkukun Hasumiyar Landan ranar 23 ga Disamba, aka yanke kan gawarsa a matsayin maci amana. Biyayyar da uban ya riƙe shekara 25 cikin wahala, ɗan ya zubar da ita cikin wata biyu.

Yawancin ƙasar ta tsira daga ƙwace saboda an riga an ɗaure gadonta ga ƴaƴa maza, sai ta koma hannun ƙanensa Lewis. Shi kuma bai ɗauki darasi ba. A 1611, da Sarki James ya ƙirƙiro sabon laƙabin gado yana sayarwa a kan fam 1,095, Lewis na cikin waɗanda suka karɓa, alhali bashi ya kai masa wuya. A 1619 Rushton ta koma hannun Sir William Cockayne, attajirin Landan, shekara 181 bayan William Tresham ya saye ta. Ɗan Lewis ya rasu bai bar magaji ba, laƙabin ya mutu tare da shi.

Kammalawa

A 1828 masu gyaran gidan Rushton suka fasa wani bango, suka tarar da ƙunshin takardu da littattafan addini da aka ɓoye tun lokacin tashin hankalin 1605. Wasiƙu ne da lissafin kuɗi da bayanan gini, kuma yanzu suna ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Da su ne aka san abin da Tresham ya biya, da wanda ya biya, da dalilin biyan. Ga mai koyar da tarihi, amfaninsu shi ne suna hana a taƙaita mutumin a fuska ɗaya: wanda ya jure ɗauri saboda imaninsa shi ne kuma ya kori manoma saboda tumakinsa. Zauren kasuwar Rothwell bai sami rufi ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Gidan Lyveden kuwa har yau yana nan ba rufi, kamar yadda magina suka bar shi a 1605.